Tsufa da Sitiyari: Me Ya Kamata a Auna Kafin a Sabunta wa Dattijo Lasin Tuƙi?

Gabatarwa

Lasin tuƙi shaida ce da hukuma take bai wa mutum cewa a ranar da aka jarraba shi yana gani sosai, ya san dokokin hanya, kuma yana iya sarrafa mota. To, amma jikin ɗan Adam ba ya tabbata a kan hali guda. Saurayin da ya ci jarrabawa yana ɗan shekara 20, idan Allah ya yi masa tsawon rai, zai kai 70 ko 80 da lasin nan a aljihunsa, alhali kuwa idon da aka auna da ƙwaƙwalwar da aka jarraba sun daɗe da sauyawa. Wannan ne ya sa ƙasashe da dama, musamman waɗanda tsofaffi suka yi yawa a cikinsu, suka kafa ƙa'idoji na musamman game da sabunta lasin ga wanda shekarunsa suka ja.

Maganar tana da nauyi ta fuska biyu. Idan aka bar wanda ba ya gani yana tuƙi, ana iya asarar ran wanda bai ji ba bai gani ba. Idan kuma aka karɓe lasin daga hannun wanda yake da ƙoshin lafiya don kawai furfura ta fito masa, an tauye masa haƙƙi, an kuma raba shi da kasuwa da asibiti da zumunci, wani ma da hanyar cin abincinsa. A cikin wannan maƙala za mu duba abin da tsufa yake yi wa direba, da irin dokokin da ƙasashe suka gwada, da kuma abin da binciken masana ya gano game da amfaninsu. Mai karatu zai ga cewa yawan shekaru shi kaɗai ma'auni ne mai rauni, kuma abin da ya fi cancanta a auna shi ne aikin gaɓoɓin da tuƙi ya dogara a kansu.

Abin da Tsufa Yake Yi wa Ido

Mafi yawan labarin da direba yake samu game da hanya ta ido yake shigowa. Haske yana ratsa wata 'yar ƙofa da ke tsakiyar baƙin ido, ya bi ta cikin wani garai-garan madubi na halitta, sannan ya sauka a kan tantanin da ke can bayan ido, wanda yake aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa ta jijiyar gani. Yayin da mutum yake tsufa, 'yar ƙofar nan takan tsuke, madubin kuma ya yi kauri, ya soma komawa ruwan ɗorawa. Masana sun ƙiyasta cewa hasken da ke isa bayan idon ɗan shekara 60 bai wuce kusan sulusin wanda ke isa bayan idon ɗan shekara 20 ba. Da rana tsaka ba a cika lura da bambancin ba, amma da magariba ko da dare mai tafiya a ƙasa sanye da baƙaƙen tufafi yakan ɓace wa tsoho har sai ya zo daf da shi. Haka kuma idan fitilar motar da ke tahowa ta dalle masa ido, yakan ɗauki lokaci fiye da na yaro kafin ganinsa ya dawo daidai.

Bayan wannan sauyi da yake samun kowa, akwai cututtukan ido da suka fi kama tsofaffi. Ta farko ita ce yanar ido, wato dushewar madubin nan har ya zama kamar gilashin da hazo ya rufe. Ta biyu ita ce gulakoma, wadda jama'a suke kira hawan jinin ido, ita kuwa jijiyar gani take lalatawa sannu a hankali. Mugun halinta shi ne daga gefe take fara cin gani, ba ta kuma yin zafi a mafi yawan lokuta. Mai ita yana iya karanta allon likita tsaf, amma yaron da ya ɓullo da gudu daga gefen titi ba zai gan shi ba. Dalili ke nan da ya sa ƙa'idar Tarayyar Turai ta haɗa abu biyu: kaifin gani, da kuma faɗin gani wanda bai gaza digiri 120 ba daga hagu zuwa dama.

Shi kaifin gani ana auna shi ne da allon haruffa wanda wani likitan ido ɗan ƙasar Holan, Herman Snellen, ya ƙirƙiro a 1862. Idan aka ce ganin mutum 6/12 ne, ma'anarsa sai ya matso mita 6 kafin ya karanta abin da mai lafiyayyen ido yake karantawa daga mita 12. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai suke nema daga direban ƙaramar mota, da tabarau ko ba tabarau.

Ƙwaƙwalwa da Sauran Jiki

Gani daban, lura daban. Direban da ya iso mahaɗar hanya dole ya raba hankalinsa tsakanin danja, da motar da ke tahowa, da mai babur a gefe, da mai ƙetare titi, ya kuma yanke shawara cikin ƙiftawar ido. Wasu masana biyu a Amurka, Karlene Ball da Cynthia Owsley, sun yi nazari mai zurfi a kan abin da ake kira filin gani mai amfani, wato faɗin wurin da mutum yake iya ɗebo labari daga cikinsa da kallo ɗaya ba tare da ya juya kai ba. A wani rahoto da Owsley da abokan aikinta suka buga a 1998, sun nuna cewa tsofaffin da wannan fili nasu ya ragu da kashi 40 cikin 100 ko fiye, yiwuwar su yi haɗari cikin shekara uku ta ninka ta sauran fiye da sau biyu.

Ɗalibi yana iya gane muhimmancin ɗan jinkiri ta hanyar lissafi mai sauƙi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya makara da rabin daƙiƙa kacal kafin ya taka birki, motar ta riga ta ƙara mita 14, wato tsawon ƙananan motoci uku. Wannan ne ya sa haɗurran tsofaffi suka fi aukuwa a mahaɗar hanya, musamman wajen yin kwana ta gaban motocin da ke tahowa, inda ake bukatar ƙiyasta gudu da tazara a lokaci guda.

Har ila yau akwai cutar mantuwa, wadda a da ake ɗauka gigin tsufa ne kawai, alhali kuwa cuta ce da take lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Mai ita yakan ɓata a hanyar da ya shekara yana bi, ko ya rikita totur da birki, kuma sau da yawa shi ne na ƙarshen sanin halin da yake ciki. Sai kuma sanƙarar wuya da ciwon gaɓoɓi da ke hana waiwaye, da ciwon sukari wanda maganinsa kan sa sukari ya faɗi ƙasa har mutum ya fita hayyacinsa, da magungunan da ke kawo gyangyaɗi.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan abubuwa ba sa zuwa wa mutane a rana ɗaya. Akwai ɗan shekara 80 da yake gani rangadau, hankalinsa garau. Akwai ɗan 55 da gulakoma ta cinye rabin ganinsa bai sani ba. Bambancin da ke tsakanin tsoho da tsoho ya fi wanda ke tsakanin saurayi da saurayi nesa ba kusa ba.

Shin Tsofaffi Sun Fi Kowa Haɗari?

Idan aka ƙidaya mace-macen direbobi bisa kowace kilomitar da aka yi, aka zana a jadawali, sai a ga layin ya tashi sama a wurin matasa, ya sauko a tsakiyar rayuwa, sannan ya sake hawa bayan shekara 70 zuwa 75. Wanda ya kalli wannan jadawali da gaggawa zai ce tsoho da ɗan shekara 18 duk ɗaya ne wajen ganganci. Masana sun gano dalilai biyu da suka sa wannan fassara ba daidai ba ce.

Dalili na farko shi ne raunin jiki. Karon da saurayi zai fita daga cikinsa da ƙujewa, shi ne zai karya wa tsoho haƙarƙari, ya kwantar da shi a asibiti, wani lokaci har ya zama ajalinsa. Wani bincike da Guohua Li da abokan aikinsa suka buga a Amurka a 2003 ya nuna cewa raunin jiki shi ne ya haddasa kashi 60 zuwa 95 cikin 100 na ƙarin mace-macen da ake gani a tsakanin tsofaffin direbobi. Ashe ke nan yawan mutuwarsu ba ya nufin yawan laifinsu, kuma wanda ya fi shiga haɗari a motar tsoho shi ne tsohon kansa da wanda ya ɗauko.

Dalili na biyu shi ne ƙarancin tafiya. Duk direban da ba ya yin nisa, yaro ne ko babba, yawancin tuƙinsa a cikin gari yake yi, inda mahaɗu da cunkoso suka fi yawa, saboda haka haɗarinsa bisa kowace kilomita ya fi na mai bin babbar hanya. Da Jim Langford da abokan aikinsa suka kwatanta direbobi masu yin tafiya daidai da juna, a wani rahoto na 2006, sai suka tarar cewa mafi yawan 'yan shekara 75 zuwa sama sun fi na ƙasa da su kiyaye haɗari. Waɗanda haɗarinsu ya hau su ne 'yan tsirarun da ba sa yin kilomita 3,000 a shekara.

Bugu da ƙari, yawancin tsofaffi sukan yi wa kansu linzami tun kafin hukuma ta yi musu. Sukan daina tuƙin dare, su guji fita cikin ruwan sama, su rage gudu, su kuma zaɓi hanyar da suka sani. Ba su cika tuƙi cikin maye ba, ba su kuma cika tsere ba.

Yadda Ƙasashe Suka Tsara Dokokinsu

Duk da haka, haɗari ɗaya mai muni yakan girgiza ƙasa, ya sa a nemi doka. A watan Yuli na 2003 wani dattijo mai shekara 86 ya kutsa da mota cikin kasuwar manoma a garin Santa Monika na jihar Kalifoniya, mutum 10 suka rasu. A watan Afrilu na 2019 kuma wani tsohon babban ma'aikacin gwamnati mai shekara 87 ya take totur maimakon birki a unguwar Ikebukuro ta birnin Tokiyo, ya kashe wata mata da 'yarta mai shekara uku. Kotu ta ɗaure shi shekara biyar a 2021.

A Birtaniya lasin yakan ƙare idan mutum ya cika shekara 70, daga nan sai a riƙa sabuntawa duk bayan shekara uku. Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne mutum ya cike takarda da kansa, ya shaida cewa yana iya karanta lambar mota daga nisan mita 20, ya kuma faɗi cututtukan da yake da su. An yi ta sukar wannan tsari. A 2011 wani direba mai shekara 87 ya kashe wata yarinya 'yar shekara 16 a garin Colchester, kwana uku bayan ya faɗi gwajin ido a gaban 'yan sanda amma ya ƙi ajiye mota. Wannan ya sa a 2013 aka buɗe wa 'yan sanda hanyar sa a soke lasin irin wannan direba cikin 'yan sa'o'i. A 2025 ma wani jami'in binciken musabbabin mutuwa a yankin Lancashire, bayan ya duba rasuwar mutum huɗu da direbobi masu raunin gani suka kaɗe, ya yi kira ga gwamnati da ta daina dogara da abin da direba ya faɗa game da idonsa.

A sauran ƙasashen Turai kowa da kiɗansa. A Italiya lasin yana yin shekara 10 har mutum ya kai 50, sai ya koma shekara biyar har zuwa 70, sai uku har zuwa 80, daga nan sai biyu-biyu, kuma kowane karo sai likita ya duba. Holan ta ɗaga shekarun fara ganin likita daga 70 zuwa 75 a 2014, Siwizalan ma ta yi haka a 2019. Jamus da Faransa kuwa ba su ɗora wa direban ƙaramar mota wani gwajin lafiya saboda shekaru ba. Niyu Zilan ta taɓa tilasta wa 'yan shekara 80 gwajin tuƙi a kan titi, amma ta soke shi a 2006, ta bar takardar likita.

A Amurka kowace jiha da dokarta. Waɗansu sun rage tsawon wa'adin lasin, waɗansu sun ce dole tsoho ya zo ofis da ƙafarsa, ba ta gidan waya ko intanet ba. Jihar Fulorida ta wajabta gwajin ido ga 'yan shekara 80 zuwa sama tun daga 2004.

Ƙasar da ta fi kowa zurfafawa ita ce Japan, inda kusan kashi 29 cikin 100 na jama'a sun kai shekara 65. A 1998 ta buɗe ƙofar mayar da lasin don raɗin kai. 'Yan shekara 70 zuwa sama sai sun halarci darasi na musamman kafin a sabunta musu. A 2009 aka ƙara gwajin ƙwaƙwalwa ga 'yan 75, inda ake tambayar mutum shekara da wata da rana, a kuma nuna masa hotuna 16, bayan ɗan lokaci a ce ya tuno su. Daga 2017 duk wanda sakamakonsa ya nuna alamar cutar mantuwa dole likita ya duba shi, kuma idan cutar ta tabbata sai a dakatar da lasin ko a soke shi. A 2022 aka ƙara gwajin tuƙi ga 'yan 75 da suka aikata waɗansu laifuffukan hanya, aka kuma fito da lasin mai sharaɗi, wanda mai shi ba ya tuƙa sai motar da ke da na'urar taka birki da kanta. A shekarar haɗarin Ikebukuro kaɗai, mutane kimanin 600,000 ne suka mayar da lasin ɗinsu.

Abin da Bincike Ya Nuna

Tun da dokokin sun bambanta haka, masana sun sami damar kwatanta ƙasa da ƙasa, tamkar gwaji a ɗakin bincike. Sakamakon ya ba mutane da yawa mamaki.

A 1996 Liisa Hakamies-Blomqvist da abokan aikinta suka kwatanta Finlan, wadda take tilasta wa tsofaffi ganin likita, da maƙwabciyarta Suwidin wadda ba ta yin haka. Ba su ga alamar cewa tsofaffin direbobin Finlan sun fi na Suwidin tsira ba. Abin da suka gani shi ne tsofaffin Finlan sun fi mutuwa a matsayin masu tafiya a ƙasa da makamantansu. A ƙasar Ostareliya ma an kwatanta birnin Sidni, inda ake gwada tsofaffi, da birnin Melbon inda ba a yi, ba a kuwa sami wata fa'ida a ɓangaren Sidni ba. A Denmak an ƙara gwajin ƙwaƙwalwa a cikin binciken likita a 2006. Da Anu Siren da Annette Meng suka duba alƙaluman a 2012, sai suka tarar haɗurran tsofaffin direbobi ba su ragu ba, amma mutuwar tsofaffi masu tafiya a ƙasa da masu keke ta ƙaru. A Japan kuwa wani nazari da aka buga a 2023 ya nuna cewa bayan gyaran dokar 2017 haɗurran tsofaffin direbobi sun ragu, amma raunukan tsofaffi masu tafiya a ƙasa da masu keke sun ƙaru.

Dalilin ba boyayye ba ne. Wanda aka raba da mota ba a raba shi da bukatar fita ba. Zai taka da ƙafa ko ya hau keke, kuma jikin nan mai rauni da ƙarfen mota da bel suke karewa yanzu ya fito fili. An gudu ne ba a tsira ba. Akwai kuma waɗanda lafiyarsu ƙalau, amma tsoron jarrabawa ya sa suka haƙura da lasin tun kafin a gwada su. Sannan wani nazari na 2016 da ya tattara bincike-bincike masu yawa ya nuna cewa barin tuƙi yana kusan ninka yiwuwar kamuwa da ciwon damuwa a tsakanin tsofaffi.

Sai dai ba duka dokokin ne suka tashi a tutar babu ba. David Grabowski da abokan aikinsa sun duba alƙaluman jihohin Amurka na 1990 zuwa 2000, suka buga sakamakon a 2004. Sun tarar cewa jihohin da suke sa mutum ya zo ofis da kansa suna da ƙarancin mutuwar direbobi 'yan shekara 85 zuwa sama da kimanin kashi 17 cikin 100, amma ƙarin gwajin tuƙi ko rage wa'adin lasin bai ƙara komai a kan haka ba. A Fulorida ma mutuwar direbobi 'yan 80 ta ragu bayan dokar gwajin ido. Abin da ya fi ƙarfafa zuciya shi ne rahoton Owsley na 2002: masu yanar ido da aka yi wa aiki, haɗurransu sun zama kusan rabin na waɗanda ba a yi wa ba. Wato a nan magani ya yi abin da karɓe lasin bai yi ba.

Lissafin Rariya

Me ya sa gwajin kowa da kowa yake kasawa? Bari mu ƙaddara wani misali don malamai su gwada da ɗalibansu a aji. A ɗauka akwai tsofaffin direbobi 1,000, kuma 50 daga cikinsu ne tuƙinsu yake da haɗari na gaske. A ɗauka kuma muna da gwajin da yake kama 80 cikin kowane 100 na masu haɗari, amma yana kuskuren kayar da 10 cikin kowane 100 na masu lafiya. Daga cikin 50 ɗin nan zai kama 40, ya bar 10 su wuce. Daga cikin 950 masu lafiya kuwa zai kayar da 95. Jimlar waɗanda suka faɗi ta zama 135, kuma 95 daga cikinsu, wato kusan kashi 70 cikin 100, ba su da laifin komai.

Wannan ƙa'ida ce da ta shafi kowane irin gwajin tantancewa a fannin lafiya: muddin abin da ake nema ba shi da yawa a cikin jama'a, rariyar za ta tare tsaba fiye da tsakuwa. Saboda haka masana da yawa suka fi karkata ga tsari mai hawa-hawa. A fara da gwaji mai sauƙi da arha, kamar na ido. Wanda ya nuna alama, ko wanda likita ko ɗan sanda ko iyalinsa suka yi shakka a kansa, a tura shi bincike mai zurfi. Wanda matsalarsa take da magani a yi masa. Wanda rauninsa kaɗan ne a ba shi lasin mai sharaɗi, kamar tuƙin rana kawai ko na kusa da gida, yadda waɗansu jihohin Ostareliya da Amurka suke yi. Karɓe lasin gaba ɗaya ya zama matakin ƙarshe.

Darasi Gare Mu

A Nijeriya, inda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, take kula da tsarin lasin tare da hukumomin jihohi, ana sabunta shi ne bayan shekara uku ko biyar. Yawancin jama'armu matasa ne, don haka ba mu kai ga halin Japan ba. Amma akwai abu biyu da suka sa maganar ta shafe mu kai tsaye.

Na farko, dattijon direba a nan sau da yawa ba motar shan iska yake tuƙawa ba. Tirela ce, ko tanka, ko bas mai cike da fasinja daga Kano zuwa Legas, sau da yawa cikin dare, kuma ba shi da fansho. Raba shi da sitiyari raba gida guda ne da abinci, barinsa da makantaccen ido kuwa kasada ce da rayukan jama'a.

Na biyu, cututtukan ido sun yi mana yawa, kuma suna kama mu da wuri. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 a kan mutane fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama ya nuna cewa kashi 4.2 cikin 100 makafi ne. Yanar ido ce ta haddasa kashi 43 cikin 100 na makantar, gulakoma kuma kusan kashi 17. Kimanin mutum 5 cikin kowane 100 suna ɗauke da gulakoma, kuma waɗanda suka san suna da ita ba su kai 6 cikin 100 na masu cutar ba. Ke nan dokar da za ta jira sai mutum ya kai 70 kafin a duba idonsa ta makara da shekara 30. Abin da ya dace da mu shi ne gwajin ido na gaskiya, wanda ya haɗa da faɗin gani, a kowane sabuntawa, tun daga shekara 40, musamman ga direbobin haya. Wanda aka samu da yana a nuna masa hanyar asibiti, kamar Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, domin aikin yana ba ya ɗaukar lokaci, kuma galibi gani yakan dawo. Ita gulakoma abin da ta ci ba ya dawowa, amma idan an gano ta da wuri ana iya tsayar da ita da maganin ɗigawa ko aiki.

Kammalawa

Mun ga cewa tsufa yana rage gani da saurin lura, amma ba daidai wa daida ba a tsakanin mutane. Mun ga kuma cewa ƙasashen da suka ɗauki ranar haihuwa a matsayin ma'auni ba su sami amfanin da suka zata ba, waɗansu ma sun mayar da haɗarin daga cikin mota zuwa gefen titi. Abin da ya yi amfani shi ne ganin direba ido da ido, da auna ganinsa, da yi masa magani.

Ɗalibin da yake da mahaifi ko kaka mai tuƙi yana da rawar da zai taka. Ya lura ko sababbin ƙujewa sun yawaita a jikin motar, ko dattijon ya fara kukan fitilun dare, ko yana ɓata a hanyar da ya saba, ko motoci suna ɓullo masa daga gefe ba zato. Idan ya ga haka, kada ya tunkare shi da maganar ajiye mabuɗi, domin wannan ba ladabi ba ne, kuma ba zai karɓu ba. Ya shaida wa wani babba da dattijon yake jin nauyinsa, a lallashe shi a raka shi wurin likitan ido. Sau da yawa tabarau ko aikin yana shi ne zai mayar da shi kan hanya lafiya, ya ƙara waɗansu shekaru yana tuƙa kansa.